Turmin da Na Ja a Tasawa

Tun da na dawo daga Tasawa, can ƙetaren iyakarmu ta arewa, ban huta da tambaya ba, ga shi kuwa shekaru sun tura. A ƙofar masallaci a tare ni, a gindin ɗorawar da muke zama da la'asar a tare ni: yaya ƙasar Faransa take, da gaske ne burodinsu ya kai tsawon hannu, da gaske ne ba a sata a can? Kullum nakan ba su abin da ya sawwaƙa in tsallake sauran. To yau ga shi na rubuta duka, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a bar ni in sha furata cikin natsuwa. Sunayen mutane dai na canja, don akwai masu 'ya'ya a ciki.

A lokacin ni ɗan doka ne a wani gari kusa da Katsina, shekarata goma sha ɗaya ina ɗaura ɗamara. Ba a daɗe da sauke tutar Turawa ba. Ina ganin kaina a matsayin wanda ya san ɓarawo tun daga tafiyarsa, kuma ba na ɓoye wa kowa wannan ra'ayi.

Ƙanena Idi, uwa ɗaya uba ɗaya, ya yi arewa neman aikin gyaɗa, ya sami gadi a shagon wani attajiri a Tasawa mai suna Alhaji Mati. Ya auri wata 'yar Kona, Rabi, har sun haifi uku. Ana tsakiyar tireti, lokacin da ake awon gyaɗa, sai wani mai fataucin goro ya kawo saƙo cewa buhu uku sun ɓace a shagon, an kulle Idi, kuma in abin ya tabbata a kansa za a kai shi Maraɗi a ɗaure shi. Inna, Allah ya jiƙanta, ta kira ni ɗakinta.

Ta ce, "Garba, kai ne ɗan doka. Ka tahi ka hiddo mini ɗana. Idi ko kwabo na bari bisa gado ba ya ɗauka."

Na ce mata kada ta damu, irin wannan aiki a kwana biyu nake gama shi. Na ɗauki hutu, na bar kayan sarki a gida, amma na sa takalmin aiki mai ƙusoshi a ƙasa, na jefa usur da littafin rubutu a aljihu.

Mun bi ta Ɗankama a bayan wata babbar mota da ta ɗauko buhunan da babu komai a ciki. Ina zaune tsakanin wata tsohuwa mai zabi biyu da wani mutum da ya rungume keken ɗinki kamar jariri. A kan iyaka ɗan duwan, wato ɗan kwastan na can, ya ce in ba shi katin shaida. Na miƙa masa takardar da babbanmu ya rubuto mini. Ya duba ta, ya juya ta, ya sake dubawa, sannan ya ce in fitar da abin da ke aljihuna. Da ya ga usur sai ya hura, zabin tsohuwa suka firgita. Ya ce usur ɗin wata ƙasa ba ya shiga tasu ƙasar, in na dawo in karɓa. Da na dawo na tarar an canja masa wurin aiki, da shi da usur ɗin.

Muna wuce shinge direba ya leƙo ya sanar da mu cewa daga nan mota ta koma bin hannun dama, ba hagu ba irin namu. Na duba hanyar, layi ɗaya ne tal cikin yashi, inda tayar wata motar ta bi. Duk da haka ya ɗan karkata sitiyari don cika doka, muka kafe nan take. Muka sauka muka tura, har mai keken ɗinki.

Mun shiga Tasawa rana tsaka. Gyaɗa ko'ina, raƙuma da jakuna sun yi layi a bakin ma'auni, amma ofisoshin gwamnati duk a rufe. A can in rana ta take ana rufe komai sai wajen ƙarfe uku. Na nemi gidan kaso, haka suke kiran kurkuku, na tarar da ƙofa a buɗe, gardi ɗaya yana barci a kan tabarma. Gardi su ne 'yan dokar can, masu jar hula. Na tashe shi na ce ina neman Idi.

Ya ce, "Ya tahi ɗebo ma dokin birgaje, babbanmu, ruwa."

"Da wa ya tafi?"

"Da guga."

Na ce a garinmu wanda aka kulle ba ya zuwa rijiya shi kaɗai. Gardin ya ce to in ya gudu da me zai gudu, ba da ƙafa ba? Ya koma barcinsa. A lokacin ban gane abin da yake nufi ba, na ɗauka dai lalaci ne irin na mutanen da ba su yi horo a hannun Ingilishi ba.

A bakin rijiya na sami Idi. Ya rame, wuyansa ya yi tsawo. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya tambayi Inna, kansa a ƙasa. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, aiki ya zo hannun masu shi. Ya ce, "To, Yaya." Raina ya ɓaci ƙwarai da na ga ƙanena yana jan guga don dokin wani, har na karɓi igiyar na ja masa sau biyu.

A zauren gidansa na sauka. Rabi ta kawo fura mai tsami wadda gero ya fi nono yawa, da magariba kuma tuwon gero da miyar kuka ba nama. Wani maƙwabci ya aiko mini da kilishi, kuma dole in faɗi gaskiya, kilishin Tasawa ya fi namu, ban ji daɗin gane haka ba. Burodin da kuke tambaya kuwa na gan shi a kanti, dogo ne kamar sandar makiyayi, in ya kwana ma ba su da bambanci. Na tambayi Rabi inda magana ta kwana. Ta ce, "Ana jiran Baba Nomau." Na ɗauka wani alƙali ne ko wani malami mai addu'a, ban tambaya ba. Ɗan doka mai shekara goma sha ɗaya a aiki ba ya son a ga yana tambayar mace yadda ake bincike.

Da safe ban gaya wa kowa ba na tafi shagon Alhaji Mati. Na zagaya baya inda aka ce an fasa taga. Na auna tsayin tagar da taƙi, na duba katanga, na rubuta a littafi. Rana ta fara zafi. Can sai na ga turmi a kife a tsakiyar fili, kusa da tagar, an kewaye shi da ƙaya. A garinmu turmi a kife kujera ne. Na ce lallai mutanen nan ba su san darajar kaya ba, ga turmi mai kyau an bar shi a rana zai tsage. Na ture ƙayar da ƙafa, na kama shi na ja. Yana da nauyi, sai da na kafa ƙafa sosai na jawo shi har inuwar katanga. Na zauna a kai na ci gaba da rubutu.

Ina cikin haka wani tsoho ya ɓullo riƙe da buta. Ya dube ni, ya dubi fili, ya saki butar ya ɗora hannu biyu a ka. Ya juya da gudu. Kafin in rufe littafi wurin ya cika da mutane, kowa ya tsaya nesa-nesa yana kallon ƙasa, babu mai kallona. Alhaji Mati ya iso yana salati. Bayansa babban gardi, wanda suke ce wa birgaje, wani dogon mutum mai furfura da ya yi soja a ƙasashen waje.

Birgaje ya ce, "Malam, tashi in ga abin da kake zaune bisa." Na tashi. Ya ce, "Kai ka jawo shi?" Na ce ni ne, rana za ta lalata shi. Ya gyaɗa kai a hankali, ya ce in biyo shi.

A ofishinsa ya ba ni kujera ta gaske, ya yi mini bayani kamar yana koya wa sabon ɗauka. A Tasawa in an yi sata ba a fara da kama mutane. Ana neman sawun ɓarawo a rufe shi, don kada iska ko dabba ta ɓata, sannan a kira Baba Nomau. Wannan tsoho ya fi shekara arba'in yana bin sawu, ya san ƙafar kowa a garin, kuma ba a taɓa kama shi da ƙarya ba. Abin da ya faɗa shi kwamanda, wato babban jami'in gwamnati na garin, yake sa wa hannu. Shi ya sa 'yan kaso ke zuwa rijiya su dawo da kansu, shi ya sa mutane ke barin kaya a rumfar kasuwa su tafi sallah.

Ya ce, "Da, ɓarawonmu na akuya ne da damin hatsi, kuma da ƙahwa yake tahiya. Yanzu tireti ya kawo baƙi, ya kawo kamyo. Mutum shi yi sata shi hau mota, mi za ka bi? Ga kuma takalmin taya, kowa sawunshi ɗaya da na ɗan'uwanshi. Amma wanga ɓarawo ba takalmi ya zo, ya taka inda ƙasa ke da danshi, sawu ya hito sarai. Kwana tara muna gadinshi."

Na tambaya me ya hana Baba Nomau karantawa tun ranar. Ya ce tsohon ya zo, ya rufe, ya ce ba a karanta sawu da tsakar rana. Kafin la'asar kuma ya hau jaki ya tafi gaisuwar mutuwa wani gari da ake kira Sarkin Hausa, ƙasar Mayahi, har yau bai dawo ba.

"Sawun nan shi kaɗai zai iya wanke ƙanenka," in ji shi. "Alhaji ya ce mai gadi ne, mu kuma mun ce a jira. Yanzu ka ga abin da ka yi."

Na ji kamar ƙasa ta buɗe in shige. Na taho daga wata ƙasa don in fitar da Idi, ga shi da hannuna da ƙafata na share abin da zai fitar da shi. Alhaji Mati yana waje yana cewa a haɗa ni da shi a kulle. Birgaje ya ce ba a kulle mutum don wauta, da gidan kaso bai ishi garin ba. Ya ba ni kwana huɗu in je in taho da Baba Nomau, ko zai iya tsintar wani abu a abin da ya rage. In ban dawo ba zai aika takarda Maraɗi. Aka mayar da turmin aka kife a kan ɓarnar da na yi, aka ƙara ƙaya.

Na sami kamyo, wato babbar mota, mai zuwa kasuwar Mayahi. Tafiyar da ake cewa ta rabin yini ce ta cinye mana yini guda, don injin yana shan ruwa fiye da fasinja, duk rijiyar da muka gani sai mun tsaya. A Mayahi na kwana a zauren wani mahauci, wanda ya ba ni ƙafar tunkiya da labarin duk ɓarayin da aka taɓa kamawa a ƙasar, har da kakansa. Da safe na hau jakin haya na nufi Sarkin Hausa. Abin da na lura da shi a ƙauyukan nan, in baƙo ya iso sai a kawo masa ruwa, amma kafin a dubi fuskarsa an dubi ƙasa bayansa. A wani ƙauye wata mata ta kira maƙwabciyarta ta zo ta ga sawun takalmina, suka tsuguna suna ƙirga ƙusoshi.

Na sami Baba Nomau a gindin gawo yana tufka igiya. Ɗan ƙaramin tsoho ne, ido ɗaya ya fara fari. An yi kwanaki da gama zaman makoki, amma bai yi kama da mai shirin tafiya ba. Na gaishe shi, na yi masa gaisuwar rashi, na faɗi ko ni wane ne, sannan na faɗi abin da na yi. Ya ajiye igiyar.

"Ɗagawa ka yi ko ja?"

"Ja na yi, Baba."

"Ka taka wurin?"

"Na taka."

"Da wanga takalmi?"

"Da shi."

Ya miƙo hannu, na cire ɗaya na ba shi. Ya juya shi ya shafa ƙusoshin da yatsa, ya ce, "Alhamdu lillahi." Na ɗauka irin hamdalar da ake yi ce in masifa ta sauka. Nan take ya ce a ɗaura masa jaki.

Ranar da wa'adi ke cika muka shiga Tasawa. Da la'asar sakaliya aka taru bayan shago, har da Idi a gefe tsakanin gardi biyu. Mutum biyu suka ɗaga turmin sama a hankali, yadda ya kamata a ɗaga shi. Baba Nomau ya tsuguna, ya daɗe yana kallo ta wannan gefe da wancan. Ni kuwa ina roƙon Allah ya bar ko da yatsa ɗaya da zai wanke Idi.

Ya miƙe ya kaɗe hannu, ya ce, "Nan ba sawun kowa sai na Ingilishi."

Alhaji Mati ya ce, "Baba, ai ka gani ran nan kahin ka ruhe."

Tsohon ya ce, "Alhaji, an kira ni in karanta abin da ke ƙasa. Ga ƙasa nan, ka dubi da kanka."

Birgaje ya ce ba sawu, ba shaida, ba a ga buhu a gidan kowa ba, shi ba shi da abin da zai rubuta wa Maraɗi. Washegari kwamanda ya sa hannu aka saki Idi. Alhaji ya ce kada ya sake ganinsa a bakin shagonsa. Rabi ta yi guɗa, maƙwabta suka yi ta shigowa barka. Ni kuma na fara tunanin ashe dai aikina bai ɓaci ba, har na soma shirya yadda zan ba da labarin a gida.

Gidan Baba Nomau yana kallon na Idi. Da hantsi na shiga yi masa godiya da goro. Ya karɓa, ya ce in zauna, ya jira har matarsa ta shige ciki.

Ya ce, "Ƙanenka, babban yatsan ƙahwarshi ta hagu a karkace yake, yana kallon waje."

Na ce haka ne. Tun muna yara ya karye, ranar da muka faɗo daga kan tsamiya tare, ni na goyo shi zuwa gida. Sai da na gama faɗa na ji abin da tsohon ya ce.

"Tun daga nesa na gane sawun nashi ne," in ji shi. "Ban taɓa ƙarya bisa sawu ba, kuma ba ni farawa da tsuhwa. Amma ɗiyanshi a ƙohwata suke wasa. Mutum na gadin buhu jibge har ruhin ɗaki, gidanshi ba hatsin kwana biyu, ni ina gani. Sai na ruhe da ƙwarya, 'yar ƙarama, wadda akuya ka iya turewa, na tahi gaisuwa. Ina can aka ce mini Alhaji ya sa an canja da turmi. Na ce to, akuya ba ta iya turmi, shi ke nan. Sai Allah ya kawo ka."

Kunya ta kama ni, ga fushi. Ofishin birgaje bai fi taku ɗari biyu daga inda nake zaune ba, kuma na san abin da rantsuwar aikina ta ce. Ban je ba.

Tsohon ya ce, "Ka tahi da shi gida, da shi da iyalinshi. In ya zamna nan ya sake, ba ni da wata gaisuwa da zan tahi."

Bayan kwana biyu muka hau mota, Rabi da yara a gaba kusa da direba, ni da Idi a baya kan buhunan gyaɗa. Muka wuce Gazawa. Idi ya cire takalmansa ya ajiye a gefe, ni kuma ina ta ƙoƙarin kallon wani wuri dabam. Mun kusa kan iyaka sai ya matso kusa da ni, don ƙarar injin.

"Yaya, an ce kai ka ja turmin."

"Ni ne."

"Ka san abin da ke ƙarƙashi?"

Na dube shi. Karo na farko ke nan tun da na zo da ya haɗa ido da ni, kuma na ga amsar da yake so ya ji. Na ce, "Ban sani ba, Idi. Wurin zama nake nema."

Ya daɗe yana kallon hanyar da muka baro. Can ya ce, "Na ɗauka don ni ka yi."

Motar ta rage gudu, ɗan duwan ya fito yana ɗaga hannu. Idi ya sa takalmansa, muka sauka muka shiga layi.